Mai Karya Doka Ya Tsaya A Kama Shi: Abin da Masana Falsafa Suka Ce Kan Bijirewa Cikin Lumana

A ranar 10 ga Afrilu, 1963, wani alƙali a birnin Birmingham da ke jihar Alabama a Amurka ya ba da umarnin hana Martin Luther King, jagoran masu neman 'yancin baƙar fata, da abokan gwagwarmayarsa yin maci a titunan birnin. Bayan kwana biyu King ya fito titi da jama'arsa yana sane da umarnin, 'yan sanda kuma suka kama shi suka kai shi kurkuku. Yana can a tsare aka shigo masa da jarida a ɓoye, a ciki ya ga sanarwar wasu malaman addini guda takwas, dukkansu farar fata, suna cewa zanga-zangar ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne, ya kamata baƙar fata su kai kukansu kotu ko teburin sulhu. King ya soma rubuta amsa a gefen shafukan jaridar, ya ci gaba a kan guntayen takardu, har ta zama doguwar wasiƙar nan mai ɗauke da kwanan watan 16 ga Afrilu, wadda har yau ake karantarwa a azuzuwan falsafa da na shari'a.

Ƙorafin malaman nan yana da nauyi, kuma King da kansa ya yarda da haka a cikin wasiƙar. Tun a 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe, kuma su King ne ke ta kiran fararen kudancin ƙasar da su bi wannan hukunci ko da bai yi musu daɗi ba. To, da wane baki mai cewa a bi hukuncin kotu zai taka umarnin wata kotun? Idan kowa zai zaɓi dokar da ta yi masa ya bi, ya yi fatali da wadda ba ta yi masa ba, rayuwar jama'a za ta koma hannun mai ƙarfi, kuma talaka ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Amsar King ta fara ne da tsohuwar magana ta malaman Kirista irin su Augustine da Thomas Aquinas, cewa dokar zalunci ba ta cancanci a kira ta doka ba. Amma bai tsaya a nan ba, domin ya san kowa na iya kiran dokar da ya ƙi ta zalunci. Sai ya kawo ma'aunin da ko wanda bai yarda da addininsa ba zai iya gwadawa. Dokar da masu rinjaye suka ɗora wa 'yan tsiraru amma suka keɓe kansu daga gare ta, zalunci ce. Dokar da aka yi wa mutanen da aka hana su zaɓen masu yin ta, ita ma zalunci ce, kuma a Alabama ta wancan lokaci akwai gundumomin da baƙar fata ne suka fi yawa amma babu ko mutum ɗaya cikinsu da ke da rajistar zaɓe. Akwai kuma dokar da a rubuce ba ta da aibi amma a aikace ta zama makami, kamar dokar neman izinin maci, wadda hukumomin Birmingham ke amfani da ita wajen toshe bakin masu neman 'yanci. Bayan haka ya gindaya wa kansa sharaɗi mai tsauri: duk wanda zai karya irin wannan doka, to ya karya ta a bainar jama'a, ba da ƙiyayya a zuci ba, kuma a shirye yake ya karɓi hukuncin. A ganinsa mutumin da ya shiga kurkuku da son ransa don ya farkar da zukatan al'umma, shi ne ya fi kowa girmama doka.

Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. A 1967 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar da laifin King na raina kotu, tana cewa kamata ya yi ya ƙalubalanci umarnin a gaban shari'a kafin ya fita titi. King ya koma Alabama ya yi 'yan kwanakin da aka yanke masa, shekara uku bayan majalisar ƙasar ta haramta irin wariyar da ya fita yana yaƙa. Wannan komawa kurkuku ita ce jigon duk mahawarar, kuma tushenta ya girmi Amurka nesa ba kusa ba.

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Atina na ƙasar Girka suka yanke wa Sukurat, wanda Turawa ke kira Socrates, hukuncin kisa bisa zargin raina allolin birnin da ɓata tarbiyyar matasa. Almajirinsa Aflatun ya ruwaito cewa wani abokinsa mai dukiya, Crito, ya zo masa kurkuku da asuba ya ce an shirya komai, an tanadi kuɗin da za a ba masu gadi da wurin da zai sauka a wata ƙasa. Sukurat ya ƙi. Hujjarsa ita ce bai halatta mutum ya yi zalunci ba ko da ramuwa ce ga zaluncin da aka yi masa, kuma wanda ya shekara saba'in a birni, dokokinsa suka ɗaura auren iyayensa suka kula da tarbiyyarsa, yana da damar tashi bai tashi ba, to ya ɗauki alkawarin ko dai ya gamsar da birnin cewa ya yi kuskure ko ya bi abin da ya yanke. Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce Sukurat mai biyayya ne ido rufe. Sai dai shi ne kuma ya gaya wa masu yi masa shari'a cewa ko sun sake shi bisa sharaɗin ya daina binciken gaskiya da yi wa mutane tambayoyi, ba zai daina ba. Tun kafin nan ma, lokacin da wasu 'yan kama-karya talatin suka riƙe birnin suka umarce shi da wasu mutum huɗu su kamo wani bawan Allah mai suna Leon don a kashe shi, sauran suka tafi, shi ya juya ya nufi gida. Wato ya ƙi a yi zalunci da hannunsa, kuma ya ƙi gudu daga hannun hukuma.

Mai karatun tarihin Musulunci ba zai ji wannan matsayi baƙo ba. A zamanin fitinar da ta taso a 833, lokacin da halifofin Abbasiyawa suka tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, Imam Ahmad ɗan Hambali ya ƙi furtawa, aka ɗaure shi fiye da shekara biyu, aka yi masa bulala a gaban Halifa Mu'utasim har ya suma. Duk da haka an ruwaito cewa da wasu malaman Bagadaza suka zo masa daga baya suna neman a yi wa halifa tawaye, sai ya hana su saboda jinin da za a zubar. Ƙa'idar da ke cewa babu biyayya ga abin halitta wajen saɓa wa Mahalicci, da hadisin da ya sanya faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi, sun buɗe hanya tsakanin miƙa wuya da zare takobi, ko da yake malamai sun yi saɓani mai yawa kan iyakar faɗin wannan hanya.

Wanda ya mayar da ƙin biyayya ya zama makamin siyasa a zamanin nan shi ne Henry David Thoreau, marubuci daga garin Concord a jihar Massachusetts. A watan Yulin 1846 aka kulle shi dare ɗaya saboda ya ƙi biyan haraji, yana mai cewa ba zai tallafa wa gwamnatin da ke kare bauta kuma take yaƙin cin ƙasar Meziko ba. Wani ya biya masa, aka sake shi washegari ba da son ransa ba. A maƙalar da ya fitar a 1849 ya ce bai kamata mutum ya miƙa wa 'yan majalisa zuciyarsa su riƙa yanke masa abin da ke daidai ba, kuma a ƙarƙashin gwamnatin da ke ɗaure mutane bisa zalunci, kurkuku ne wurin da ya dace da mai adalci. Maganar tana da ƙarfi, amma tana da rami. Idan abin da zuciyar mutum ta gamsu da shi ne kaɗai alƙali, to George Wallace, gwamnan Alabama da ya tsaya a ƙofar jami'ar jihar a watan Yunin 1963 don hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga, shi ma zai ce zuciyarsa yake bi. Mai zalunci ba ya rasa yaƙini. Shi kansa Thoreau ya fito a 1859 yana kare John Brown, wanda ya kai hari da makamai a wani rumbun makamai na gwamnati da niyyar tayar da boren bayi, abin da ke nuna cewa guje wa zubar da jini bai zama masa aƙida ba.

A nan ne nake ganin Mahatma Gandhi ya fi kowa zurfin tunani, duk da cewa an fi saninsa da aiki fiye da falsafa. Gandhi ya yarda cewa mai gwagwarmaya na iya yin kuskure, domin ɗan Adam ba ya ganin gaskiya gaba ɗayanta, kuma wanda ba shi da tabbacin cikakkiyar gaskiya ba shi da hurumin hukunta wani da ƙarfi. Saboda haka wanda ya tashi neman gyara sai ya ɗora wahalar a kan kansa. Idan shi ke da gaskiya, wahalarsa za ta taɓa zuciyar abokin hamayya da ta masu kallo, idan kuwa shi ne a kan kuskure, bai cuci kowa ba sai kansa. Wannan ita ce amsar da ta fi gamsar da ni ga matsalar irin su Wallace, domin a yayin da masu neman 'yanci ke miƙa jikinsu ga kulki, masu kare wariya jikin wasu suke miƙawa.

Gandhi ya fara gwada wannan hanya a Afirka ta Kudu daga 1906, lokacin da hukumomin Transvaal suka wajabta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsu, har a 1908 aka taru a harabar wani masallaci a Johannesburg aka ƙone takardun rajistar. Amma abin da ya faru a Indiya a 1922 shi ya fi nuna yadda ya ɗauki aƙidar da gaske. Ana tsakiyar gangamin ƙin haɗa kai da Turawan Birtaniya, a garin Chauri Chaura 'yan sanda suka harbi masu zanga-zanga, jama'a suka fusata suka cinna wa ofishinsu wuta, 'yan sanda fiye da ashirin suka mutu. Gandhi ya dakatar da gangamin a duk faɗin ƙasar, abin da ya ɓata wa manyan abokansa rai ƙwarai, don suna ganin nasara ta kusa. A watan Maris na shekarar aka gurfanar da shi a Ahmedabad bisa zargin tunzura jama'a, ya amsa laifinsa, ya gaya wa alƙalin cewa ko dai ya ajiye aiki idan ya yarda dokar muguwa ce, ko kuwa ya yanke masa hukunci mafi tsanani. Aka yanke masa shekara shida.

Macin gishiri na 1930 ya nuna yadda ake zaɓen dokar da za a karya. Turawan mulki sun riƙe sana'ar gishiri su kaɗai suna karɓar haraji a kai, har ya zama laifi mutumin da ke zaune a bakin teku ya ɗebi gishirin da rana ta busar a gabansa. Wasu cikin jagororin Indiya sun raina batun, amma Gandhi ya san babu tukunyar da ba ta buƙatar gishiri, ta Hindu ko ta Musulmi, ta mai kuɗi ko ta matalauci. Ya rubuta wa wakilin Sarkin Ingila, Lord Irwin, wasiƙa tun kafin ya tashi, yana sanar da shi abin da zai yi. A ranar 12 ga Maris ya bar mazauninsa na Sabarmati da mutum 78, yana da shekara sittin, suka taka kusan kilomita 385 zuwa ƙauyen Dandi, inda a safiyar 6 ga Afrilu ya sunkuya ya ɗauki dunƙulen ƙasa mai gishiri. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure mutane fiye da 60,000. A masana'antar gishiri ta Dharasana, a watan Mayu, masu sa-kai suka riƙa tafiya sahu-sahu zuwa wurin 'yan sanda masu sanduna, ana rotsa musu kai suna faɗuwa ba tare da ko ɗaga hannu don kare kansu ba, mata na kwashe waɗanda suka faɗi, wani sahun na maye gurbinsu. Rahoton ɗan jaridar Amurka Webb Miller kan wannan rana ya zagaya duniya. Ba a soke harajin nan take ba, kuma 'yanci bai zo ba sai 1947, amma iƙirarin Birtaniya na cewa wayewa ta kawo wa Indiya ya sha mummunan rauni.

Wanda ke ɗaukar wannan hanya ta ragwaye ce ko ta Hindu kaɗai, ya dubi Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi daga ƙabilar Pashtun da aka sani da jarumta da ɗaukar fansa. Ya tara dubban mutane a ƙungiyar Khudai Khidmatgar bisa rantsuwar ba za su ɗauki makami ba, yana kafa hujja da haƙurin Manzon Allah (SAW) da sahabbansa a Makka. A ranar 23 ga Afrilu, 1930, sojojin Birtaniya suka buɗe wa jama'a wuta a wata kasuwa a Peshawar suka kashe mutane da yawa, a lokacin kuma wasu sojoji 'yan Indiya suka ƙi bin umarnin murƙushe jama'ar. Tasirin Gandhi ya iso har ƙasar Hausa, domin Malam Aminu Kano bai ɓoye ƙaunarsa ga hanyarsa ba, kuma 'yan jam'iyyarsa ta NEPU, ciki har da Hajiya Gambo Sawaba, sun sha ɗauri da duka a hannun hukumomin gargajiya a shekarun 1950 saboda tarukan siyasar da suka ƙi dainawa.

Masanin falsafar Amurka John Rawls shi ne ya tsara duk wannan ya zama ƙa'ida a 1971. A wurinsa bijirewa cikin lumana aiki ne na karya doka a fili, ba da tashin hankali ba, da nufin canza doka ko manufar gwamnati ta hanyar yi wa masu rinjaye magana da ma'aunin adalcin da su kansu suka ce sun yarda da shi. Ya ce tana halatta ne idan zaluncin babba ne kuma a bayyane, musamman tauye 'yancin da kowa ke da shi daidai wa daida, kuma an bi hanyoyin doka ba su yi amfani ba. Sai dai Rawls ya faɗa ƙarara cewa yana magana ne kan ƙasar da ta kusa zama mai adalci, wadda ke da zaɓe da kotuna da jaridun da ke aiki. Wannan sharaɗi shi ne iyakar duk ginin. Karɓar hukunci tana da ma'ana ne idan akwai alƙalin da zai saurara, da jama'ar da za su gani, da mahukuntan da ke jin kunya. Marubucin Ingila George Orwell ya lura a 1949 cewa da wuya dabarun Gandhi su yi aiki a ƙasar da masu adawa ke ɓacewa da tsakar dare ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mutanen da suka riƙa ɓoye bayin da suka gudu a Amurka bayan dokar 1850 da ta wajabta kama su a mayar wa iyayengijinsu, irin su Harriet Tubman, a ɓoye suka yi aikinsu, kuma da sun sanar da hukuma don su cika sharaɗin fitowa fili, da bayin da suka dogara da su ne za su biya farashin. Ba na ganin akwai mai hankalin da zai ce sun gaza a ɗabi'a. Fitowa fili da karɓar hukunci hakki ne da ke kan mutum ga al'ummar da har yanzu ke ɗaukarsa ɗan ƙasa, kuma hakkin yana raguwa gwargwadon yadda hukuma ta fita daga wannan alkawari.

Afirka ta Kudu ta gwada wannan iyaka da jini. A 1952 jam'iyyar ANC, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ta jagoranci gangamin karya dokokin wariya cikin lumana, aka kama mutane fiye da 8,000, gwamnati kuwa ta amsa da sababbin dokoki masu tsanani, har da bulala. A ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, da yawansu ta baya suna gudu, bayan haka aka haramta ANC. A 1961 Nelson Mandela da abokansa suka kafa reshen gwagwarmaya da makami, suka fara da lalata kayayyakin gwamnati. A wurin Mandela lumana dabara ce da ake riƙewa muddin tana aiki, saɓanin Gandhi da ya ɗauke ta aƙida, kuma ko a 1985 da Shugaba Botha ya yi masa tayin saki bisa sharaɗin ya yi tir da amfani da ƙarfi, ƙi ya yi. Yana da wuya wanda bai ga Sharpeville ba ya zarge shi.

Duk da haka, tambayar ko makami ya halatta daban take da tambayar ko yana kai wa ga gaci. Masu bincike biyu, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun nazarci manyan gwagwarmayoyi 323 tsakanin 1900 da 2006, suka samu cewa na lumana sun yi nasara da kusan kashi 53 cikin ɗari, na makami kuwa kusan kashi 26. Dalilin da suka bayar bai dogara ga tausayin azzalumi ba. Yajin aiki da ƙauracewa da zaman dirshan suna ba tsoho da mace da ɗan kasuwa damar shiga, kuma idan taro ya yi yawa, sojan da aka ce ya yi harbi yana iya hango ƙanwarsa ko maƙwabcinsa a ciki. Mulki, komai ƙarfinsa, yana tafiya ne da hannun ma'aikata da direbobi da 'yan sanda, kuma ranar da suka janye hannu sai ya tsaya. Sudan ta nuna fuska biyu na wannan a 2019, inda zaman dirshan a gaban hedikwatar soja da ya fara ranar 6 ga Afrilu ya kai ga tuɓe Omar al-Bashir cikin kwana biyar, sannan a ranar 3 ga Yuni jami'an tsaro suka afka wa wurin suka kashe mutanen da likitocin da ke tare da masu zanga-zangar suka ƙiyasta sun haura ɗari. A Afirka ta Kudu ma, hare-haren reshen ANC mai makami ba su taɓa kusantar karya rundunar gwamnati ba. Abin da ya durƙusar da mulkin wariya a shekarun 1980 shi ne yajin aikin ma'aikatan ma'adinai da masana'antu, da ƙin biyan kuɗin haya a unguwannin baƙar fata, da ƙaurace wa shagunan farare, haɗe da takunkumin ƙasashen waje, har gwamnati ta saki Mandela a watan Fabrairun 1990 ta zauna teburin tattaunawa.